Kawuna da Ya Daina Rubuta Sunaye

Daga Allah muke, ga shi Kawu ya riga mu komawa. Ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakinmu na ƙurya, amma ba a kai shi makwancinsa ba sai Litinin ta zagayo. Kwana shida gawarsa tana asibiti Baba yana zarya daga wannan ofis zuwa wancan, domin wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ko mutuwa ya yi sai an fara tabbatar da ko shi wane ne kafin a ba da izinin rufe shi. A Jidda aka haifi Kawu, a nan aka yanke masa cibi, amma babu takarda ɗaya da ta san haka.

Da a tsohuwar unguwarmu ta Karantina muke, da kujeru sun cika lungu tun daga bakin masallaci har shagon mai burodi. Yanzu muna hawa na uku a wani gini can kudu, kusa da Madinar Masana'antu inda Baba yake aikin tsaron sito. Kujeru takwas muka aro, muka jera wa maza a bakin matakala, kuma ba su taɓa cika ba a kwana ukun zaman makoki. Mata muna falo. Ba kuka ne ya yi yawa ba, shiru ne. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu da ta sha mota biyu kafin ta iso ta ajiye kofin gahawa ba ta kurɓa ba, ta ce wa Umma, "Yanzu in na mutu, wa zai gaya muku?"

Wayar Kawu ce a hannun Umma, 'yar ƙaramar nan mai maɓallai, tana ta juya ta. Tun ranar Talata muke binciken wayar don mu sanar da mutanen lungunmu na da, muka tarar babu suna ko ɗaya a ciki. Lambobin duk a kansa suke. Waɗanda suka zo ta'aziyya su ne waɗanda Allah ya sa suka kira shi a makon, muka ɗauka.

Matar da ke hawa na biyu, 'yar Nijar ce, ba ta daɗe da zuwa ba, ta tambaya a hankali, "Liman ne shi?"

Umma ta ce, "A'a."

"To mai unguwa?"

"Babu wanda ya naɗa shi komai."

Wannan amsar ce ta sa na zauna rubutun nan. Ba na so abin da za a sani game da shi ya tsaya a nan.

Kawu yayan Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan mahaifiyarsu na ci, don haka bai taɓa kirana da sunana ba, Uwata yake cewa. Ban san shi ba sai da na kai shekara goma sha biyar, domin tun yana saurayi ya tafi Malawi koyar da Larabci a wata makarantar ƙauye da ke bakin tabki, ya yi aure a can, ya zauna fiye da shekara ashirin. Rana ɗaya ya dawo da bizar umra da jaka guda. Iƙamar da yake da ita a ƙarƙashin mahaifinsa ta daɗe da mutuwa. Ya yi umrarsa, ya shigo Karantina, bai sake fita ba.

Dogo ne, siriri, ba ya son hayaniya. Shinkafa ba ta dame shi ba, tuwon masara da busasshen kifi yake so, kuma kullum yana ƙorafin kifin Jidda gishirinsa ya yi yawa. Yana koya wa yara karatu bayan la'asar a ƙofar ɗakinsa. Rubutunsa kuwa, ban taɓa ganin mai kyau irinsa ba, na Larabci da na boko. Sai dai akwai abu ɗaya da duk lungu ya sani: Malam zai rubuta maka wasiƙa, zai rubuta maka addu'a, amma ba zai jera sunayen mutane a takarda ba. Ko sunayen waɗanda za a gayyata biki ne, sai ya ce a karanto masa, ya haddace, ya bi gida gida ya faɗa da baki. Mutane suna dariya, suna cewa tsufa ne.

Wata ɗabi'arsa kuma, duk lokacin da aka ambaci wani mai muƙami, ko kafilin wani ne, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardar zama, ko shugaban wata ma'aikata, tambayarsa ɗaya ce: "Za ka iya ƙwanƙwasa masa ƙofa? In ka ƙwanƙwasa, shi ne mai cewa i, ko shi ma saƙo yake kaiwa?"

Ni ce na matsa masa har ya ba ni labarin. Ranar wata Juma'a ce, na kai masa abinci, na same shi yana gyara tabarau da zare.

Ya ce, "Uwata, lokacin da nake can, gwamnati ta ce za ta sauko da mulki ƙasa. Ba sai komai ya jira babban birni ba. Kowace gunduma da majalisarta, kowace mazaɓa da kansilanta, kowane ƙauye da kwamitinsa. Wallahi mun yi murna. Tsofaffi suka ce ba su taɓa jin gwamnati ta tambaye su abin da suke so ba. Da aka zo kafa kwamitin ƙauyenmu, aka ce Malam ya iya rubutu, shi ne sakatare. Ni baƙo ne, amma ina auren 'yarsu. Na karɓa."

Ya ce sukan zauna ƙarƙashin mangwaro su yi ta muhawara kan abin da ya fi gaggawa, gada ko asibiti ko rijiya. Dagaci yana gefe yana hararar kansila, kansila yana hararar dagaci, kowa na ganin shi ne gwamnati a wurin. Ya rubuta buƙatu, kansila ya kai gunduma, gunduma ta ce ta aika sama. Abu ɗaya ne ya taɓa saukowa, rijiyar burtsatse, kuma har ya rasu in ya ambace ta sai fuskarsa ta saki. Ya ce ranar da ruwa ya fito, matarsa ce ta fara cika bokiti.

Daga nan sai wani fom ya zo daga gunduma. Aka ce a rubuta sunan kowane magidanci, yawan iyalinsa da girman gonarsa, saboda rabon takin zamani. Mako uku yana bin gonaki da ƙafa. Ya ce bai taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba, har gonar da ake gardama a kanta sai da ya sasanta masu ita kafin ya rubuta. Ba a daɗe ba wa'adin kansiloli ya ƙare, aka yi shekaru ba a sake zaɓe ba, gunduma ta koma hannun ma'aikatan da aka turo daga sama. Kwamiti yana nan da sunansa, amma babu wanda zai kai masa magana.

"Sai wata safiya motoci suka zo," in ji shi. "Wai an ba wani kamfani filin bakin tabki. Wani mutum ya hau bayan mota yana kiran sunaye, yana faɗa wa kowa inda aka ba shi a kan tudu, wuri duk duwatsu. Na matsa kusa na leƙa takardar. Uwata, rubutuna ne. Ko sake kwafa ba su yi ba. Gida biyu da suka tafi kamun kifi, ban same su ba lokacin da nake rubutu, aka ce babu su, ko tudun ba su samu ba."

Suka je gunduma, aka ce daga babban birni umarnin ya zo. Suka haɗa wakilai zuwa babban birni, aka ce ai yanzu iko yana hannun gunduma, ku koma can. Ya ɗaga tabaran ya duba zaren da ya ɗaura, ya ce, "Biro suka ba mu, hatimin yana wurinsu."

Babu wanda ya zage shi a ƙauyen, kuma ya ce da sun zage shi da ya fi. Gaisuwa ce ta ragu. A kan tudun matarsa ta kwanta ciwo ta rasu. 'Yarsu ɗaya, kuma a al'adar can 'ya'ya na dangin uwa ne, sai kawunnanta suka riƙe ta. Ya ce bai yi gardama ba, don bai ga da wane baki zai yi ba. Tana kiransa a waya lokaci lokaci, su yi magana da harshen can, mu ba ma jin komai.

Lokacin da aka fara rushe unguwannin kudancin Jidda, Kawu ya riga kowa sani. Tun ba a ce komai ba ya ga wasu mutane biyu suna ɗaukar hoton bangaye a bakin titi, ya dawo ya ce wa Umma ta fara rage kaya. Ta ce masa, "Yaya, ka cika mugun fata." Bayan wata guda jan fenti ya bayyana a unguwar da ke maƙwabtaka da mu, kalma ɗaya a kowane bango, ikhla, wato a tashi. Daga rufin gidanmu muna hango ƙura, muna jin katafila tun daga sallar asuba har magariba. Kullum sautin yana ƙara matsowa. Kuliyoyin can suka fara cika lungunmu.

A nan ne suka yi faɗa da Baba, faɗan da ban taɓa ganin irinsa a gidanmu ba. Baba mutum ne mai bin ƙa'ida, iƙamarsa ba ta taɓa kwana ɗaya a mace ba. Shawararsa ita ce a rubuta duk gidajen lungu da yawan yaran da ke makaranta, a kai wa umda, wato mai unguwa na hukuma, a roƙi a ɗaga mana ƙafa har a gama jarrabawa. Ya zo da takarda da biro bayan azahar, ya ajiye a gaban Kawu.

"Malam, rubutunka ya fi na kowa. Ka taimaka."

Kawu ya ture takardar da yatsa. "Ba zan rubuta ba, Alhaji. Kai ma kada ka rubuta."

"To mu zauna mu naɗe hannu?"

"Rabin lungun nan ba su da takarda. Ka san inda za ka kai ta, ba ka san inda za ta kwana ba."

"Nan ba Malawi ba ce."

"Ban ce ita ce ba. Amma umda saƙo yake kaiwa."

Baba ya miƙe tsaye. Ya ce, "Kai ba ka da yaro a makaranta. Tsoro kake ji don naka sunan ba ya shiga takarda, shi ne kake so ka hana kowa."

Umma tana bakin ƙofa da tire a hannu. Kawu bai ɗago ba. Can ya ce, "Gaskiya ne, ina jin tsoro."

Baba ya rubuta da kansa, ya saka masu iƙama kawai. Da ya gama ya karanta, shi ma ya ga abin da ya yi: duk wanda ya san lungun, ya duba takardar, zai gane gidajen da aka tsallake da dalilin tsallake su. Duk da haka ya ninke ta ya sa a aljihu. Washegari da zai fita, ya tarar da Kawu tsaye a ƙofa da farar riga a goge.

Baba ya ce, "Ina za ka? Akwai masu duba takardu a babban titi."

"Yalla, mu je. In za a kai sunayen mutane, zan ga hannun da zai karɓa."

Baba ne ya ba mu labarin abin da ya faru, bayan kwanaki. Umda ya karɓe su da mutunci, ya zuba musu gahawa, ya saurari Baba har ƙarshe. Sannan ya ce shi ma a waya ya ga jadawalin kamar kowa, kuma gidan mahaifiyarsa yana ciki. Baba ya zaro takardar. Umda ya dube ta daga nesa, bai miƙa hannu ba. Ya ce da Larabci, "Ya hajj, duk abin da ya shigo ofishin nan dole in aika shi sama. Ka tabbata kana so ya shigo?" Baba ya mayar da ita aljihu. Suka dawo gida, kuma Kawu bai taɓa cewa ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya.

Fentin ya iso bangonmu ranar wata Lahadi. Bayan 'yan kwanaki aka yanke wuta.

Abin da na fi tunawa a kwanakin nan shi ne Gwaggo mai gyaɗa. Ba danginmu ba ce, tsohuwa ce da ta zo aikin hajji tun kafin a haifi Umma, ta zauna tana sayar da gyaɗa a bakin masallaci, ba ɗa ba jika, kuma hankalinta ya fara gushewa. Kowa yana ɗaure kaya, ita ta kulle ɗaki ta ce ba inda za ta, mijinta zai dawo daga Makka ya tarar ba ta nan. Mijin ya rasu tun ina goye. Maza suka ce a ɓalle ƙofar. Kawu ya hana. Ya shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin, cikin zafin nan ba fanka, ya wuni yana mata hira ta jikin ƙofa, hirar mutanen da, wa ya auri wa, wa ya fara kawo injin markaɗe lungun. Bai yi mata ƙarya ba. Da la'asar na ji yana cewa, "Gwaggo, ba zai dawo nan ba, ke ma kin sani. Amma duk wanda ya zo nemanki, ni zan gaya masa inda kike." Ta buɗe. Ya riga ya samo mata wuri wajen wani tsohon ɗalibinsa, ya riƙe mata faranti da murhu har cikin mota.

Shi kansa bai nemi wuri ba. Ranar da muke loda kaya, yana zaune kan jakarsa guda a inuwar bango. Kowa ya san hukuncin wanda aka kama yana ajiye marar iƙama, kuma Baba ya fi kowa sani. Tun ranar umda ba su yi wata doguwar magana ba. Baba ya gama ɗaure katifu, ya zagayo, ya ɗauki jakar Kawu ya jefa bayan mota.

"Alhaji, za ka jawo wa kanka."

"Halas, ya isa, Malam. Shiga gaba, ƙafarka ba ta son baya."

Mutanen lungu suka watse. Wasu arewa, wasu hanyar Makka, wasu suka miƙa kansu ga hukuma aka mayar da su ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Kawu ya mai da neman su aikinsa. Yana bin ƙananan hanyoyi, yana tambaya a masallatai, har ya gano inda kusan kowa ya sauka. In an yi haihuwa ko rasuwa, zai zauna bakin taga ya danna lamba bayan lamba daga kansa, wuni guda. Na taɓa cewa, "Kawu, bari in adana maka su a wayata." Ya ce, "Waya tana faɗuwa a hannun wani, Uwata."

A watanninsa na ƙarshe bakin tagar nan ya zama wurin zamansa. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi nauyi, kuma ya ƙi asibiti don kada a tambayi inda yake zaune. Wata rana ya kira ni ya nuna mini wasu mutane a ƙarshen layi da abin awo mai ƙafa uku. Na ce ƙila bututun ruwa za a sa. Ya ce, "Ƙila." Ya ci gaba da kallonsu har suka tafi. Kafin a ba da gawarsa sai da Baba ya sa hannu cewa a gidansa yake zaune. Kafilin Baba ya kira shi sau biyu tun daga nan, kuma har yau ba mu san abin da za a ce ba idan lokacin sabunta iƙama ya zo.

Kwana goma bayan rufe shi, da rana ina wanke-wanke, wayarsa ta yi ƙara da wata doguwar lamba ta waje. Muryar mace ce, ta yi sallama, ta ci gaba da harshen da ban sani ba. Na gane ko wace ce, 'yar Kawu ce. Babu wanda ya sanar da ita, don babu mai lambarta. Na zauna a ƙasan kicin na gaya mata da Larabci, a hankali, irin wanda mahaifinta ya koya mata tana ƙarama. Ina jin kukan kaji a bayanta.

Ta tambayi ko ya sha wahala, na ce da sauƙi. Ta tambayi wanda ya yi masa wanka, na ce Baba. Sannan ta ce, tana laluben kalmomi, akwai abin da ta ɓoye masa. An dawo da zaɓen kansiloli a can tun tuni, kuma a zaɓen da ya wuce mutanen tudun suka tsayar da ita, ta ci. Ta san ba zai so ba, shi ya sa ta yi shiru. Ta samo musu gyaran hanya, tana neman ɗakin haihuwa. Yanzu ga fom ya zo daga gunduma, ana son sunan kowane gida da girman filinsa. An ce na tallafi ne. Wanda bai shiga ba ba zai samu komai ba, kuma bana damina ba ta yi kyau ba.

"Na kira ne in tambaye shi," in ji ta. "Ke kin zauna da shi. Me zai ce?"

Na san abin da zai ce. Na kuma san gida biyun nan da bai rubuta ba, waɗanda ko tudun ba su samu ba. Na gaya mata gaskiya, na ce zai ce kada ki rubuta, kuma ban sani ba ko yana da gaskiya.

Ta ce, "Ranar Litinin ake karɓa."

Daga nan ta ce in yi masa addu'a a madadinta in na je Harami, na ce in sha Allahu, layin ya yanke. Na rubuta lambarta a bayan kwalin shayi kafin ta ɓace.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka ba takarda a hannu, kai kuwa ka san shi tun kafin a raɗa masa suna. Ka yafe masa abin da ya rubuta da abin da ya ƙi rubutawa, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi gidan da babu mai tashinsa. Mu da muka rage, nan da can bakin tabki, ka sa mu wanye lafiya da abin da ke tafe.